Babi na Shida: Tsohuwar Bindiga da Haƙƙinta a Kanmu

A babin da ya gabata mun ga yadda takobi ya tsira daga halaka. Ya tsira ne domin ya daina aiki ya koma kayan girma: ana rataya shi a zaure, ana riƙe shi ranar naɗin sarauta, jika yana nuna shi yana cewa na kakana ne. Bindigar gargajiya, wadda wasu ke kira adaka, wasu harba-ruga, wasu bindigar toka, ba ta taki wannan sa'a ba. Da yake har gobe tana kafaɗar maharba da 'yan banga, ba a yi mata kallon kayan tarihi. Da yake kuma zamani ya wuce ta, ba a yi mata kallon abu mai daraja. A tsakanin nan take salwanta, kuma tarihi mai yawa yake salwanta tare da ita.

Wanda yake son ganin yadda hakan ke faruwa, ya je Dutse Alhaji. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Bwari, a kan hanyar da ta rabu da babban titin Kubwa ta nufi Dutse Makaranta, ta gifta ta kusa da madatsar ruwa ta Usuma da Ushafa, ta shige Bwari. Kafin a yanke wannan ƙasa a mai da ita Babban Birnin Tarayya a 1976, yankin ƙauyukan Gbagyi ne, da gonakin doya da dawa, da duwatsu da dazuzzukan farauta. Yau ma'aikatan da hayar cikin Abuja ta fi ƙarfinsu sun cika shi maƙil. Ana rushe ɗakunan ƙasa ana jera na bulo, kuma duk ɗakin tsoho da aka rushe sai kayan cikinsa sun fito rana: tsohuwar tukunya, kwari da baka, wani lokaci da doguwar bindiga da ta shekara talatin a bayan ƙyaure. Magajin da ya tsinci kansa da ita tsoro ne yake fara kama shi. Ko ya jefa ta masai, ko ya binne ta, ko ya karya ƙotar ya sa a murhu, ya miƙa wa baban bola ƙarfen a auna a ba shi kuɗin kati. Ba mugunta ba ce ta sa shi. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai wata hanya.

Masu sayen kwafi da tsada

A wasu ƙasashe, irin wannan kaya har kwafinsa ake ƙerawa, mutane suna rububin saye. A 1836 wani Ba'amurke mai suna Samuel Colt ya yi rajistar ƙirarsa ta libarba, ƙaramar bindigar hannu mai wata ganga da ke juyawa, kowane ɗaki na gangar da nasa harbin. Samfurinsa na 1851, mai ɗakuna shida, ya yi tashe sosai, haka ma na kamfanin Remington da ake dangantawa da 1858. Da su aka yi yaƙin basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865. Duk da albarushi suke aiki. Mai ita zai zuba albarushi a kowane ɗaki ta gaba, ya ɗora ƙwallon dalma, ya ja wani ƙarfe da ke ƙarƙashin bututun ya danna ƙwallon ciki, sannan ya kifa wata 'yar hular tagulla a bayan ɗakin, wadda ita ce ke ba da tartsatsi idan aka ja kunama. Haka zai yi sau shida kafin ya shirya.

Bayan da Bafaranshe Paul Vieille ya fito da sabon maganin harbi marar hayaƙi a 1884, kwanan albarushi ya ƙare a fagen fama a ƙasashen Turawa. Amma da cikar yaƙin basasar nan shekara ɗari ta gabato, sai sha'awar tsofaffin bindigogi ta taso, na asalin kuwa sun yi tsada sun yi wuyar samu. Wani ɗan kasuwar Amurka, Val Forgett, ya tafi Italiya neman maƙeran da za su kwaikwaye su. A garin Gardone Val Trompia na lardin Brescia, inda gidan Beretta yake ƙira tun 1526, Aldo Uberti ya kafa kamfaninsa a 1959, ya fara da kwafin Colt na 1851. Daga baya kamfanin Pietta ya bi sahu. Finafinan kaboyi da iyayenmu suka kalla a silimun Kano da Kaduna sun ƙara wa kasuwar armashi. Yau akwai ƙungiyoyin masu tara waɗannan kwafe-kwafe, suna gasar harbin bara da su, suna gyara waɗanda suka lalace, suna bin tambarin da ke jikin ƙarfe don gane shekarar ƙira. Kwafin farko-farko ma yanzu ya zama abin nema a karan kansa.

Su ke nan masu biyan kuɗi don mallakar kwaikwayon abin da kakanninsu suka riƙe. Mu kuwa na asalin ne a hannunmu, muna kai shi sikeli.

Yadda ta shigo mana

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin Sarakunan Kano ya ambace ta tun zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, cikin kayan da wani basarake mai suna Dagaci ya zo da su daga Borno, ko da yake masana suna ganin wannan ya yi wuri da yawa. Abin da ya fi ƙarfi shi ne labarin Mai Idris Alooma na Borno, a ƙarshen ƙarni na 16, wanda limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta cewa yana da Turkawa masu harbi da bayin da aka horar a kan bindiga. A Kano, an ce a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye rundunar masu bindiga a fada.

Ta hanya biyu take zuwa. Akwai ta Sahara, daga Tarabulus ta Agadas da Borno. Akwai kuma ta teku, inda Turawa ke sauke ta a gaɓar ƙasar Ghana ta yau da ƙasar Yarbawa, ta hauro ta Kwara da Nupe. 'Yan kasuwar Denmark da ke da sansani a Accra sun yi suna da ita, amma mafi yawanta a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam ake ƙera ta, mai arha, don kasuwar Afirka kawai. Kuma dole a faɗi gaskiya mai ɗaci: da bayi aka sayi da yawa daga cikinta, da ita kuma aka kamo wasu bayin. Ƙauyukan da ke kan duwatsun wannan yanki ba don sha'awar hawa suka hau can ba.

Duk da haka ta daɗe ba ta kori doki da baka ba. Da kibiya aka ci yaƙin Tafkin Kwatto a 1804. Baturen nan Clapperton, da ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a fagen fama da Gobirawa a 1826, masu bindiga ƙalilan ya gani cikin dubban mayaƙa. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ta yawaita. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara ta da yawa, har ana haɗa albarushi ana zuba igwa a Zinder. Etsu Masaba na Bida ya same ta daga Turawan kogi. Rabeh ya rusa Kukawa da ita a 1893. A Kano, Sarki Aliyu Babba da ya fito daga yaƙin basasa ya shahara da laƙabin Mai Sango, sango kuwa mashi ne da ake ɗurawa a bakin bindiga a harba, irin wanda maharban giwa ke amfani da shi.

Yankin Abuja yana tsakiyar wannan hada-hada. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya lokacin jihadi ya sauka Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa birnin Abuja a 1828, wanda yanzu ake kira Suleja. Masarautar ta tsare kanta daga Zariya har zuwan Turawa, tana kan hanyar fatake tsakanin Nupe, Keffi da ƙasar Hausa. Bindigogi da yawa da suka hauro daga kogi suka nufi arewa, ba su yi nisa da waɗannan duwatsu ba.

Sannan aka rufe mana ƙofa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shi ya sa a Fabrairun 1903 a ganuwar Kano, da Maris a Sakkwato, da Yuli a Burmi, mai ɗura albarushi ta baki ya fuskanci bindigar Maxim mai zazzaga harsashi ɗaruruwa a minti ɗaya. Wanda ya ɗauki harba-ruga a hannu ya ji nauyinta, ya ga tsawon lokacin da ɗuri ɗaya yake ci, zai fahimci 1903 fiye da wanda ya karanta littafi goma. Gani ya kori ji.

Abin da ke rubuce a jikinta

A shimfiɗa tsohuwar adaka a tabarma a dube ta daga baki zuwa gindi. Bututun dogo ne, wani ya haura mita guda, cikinsa sumul babu zane. Idan ƙirar Turai ce, kusa da gindin bututun za a ga 'yan tambura da aka buga: kambi da sanduna a gicciye alamar gidan gwajin bindigogi na Birmingham ne, wanda aka kafa a 1813, haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai kuwa na Liège ne. Idan babu tambari, an ga alamar guduma da wurin da aka haɗe ƙarfe, to aikin maƙerin gida ne. A gefe akwai makamar wuta. Ta dauri tana riƙe da ɗan dutsen ƙanƙara a bakinta, idan aka ja kunama sai ya kafta wa ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan ɗan albarushin da ke cikin kasko, wuta ta bi ta wata 'yar huda ta shiga ciki. Ta baya tana amfani da hular tagulla. Sau da yawa za a tarar bindigar an haife ta da ƙanƙara, wani maƙeri ya juya ta ta koma mai hula, kuma ramukan ƙusoshin farko suna nan.

Ƙotar ta fi kowane sashe magana. Ta Turai takan karye, sai masassaƙi ya yi wata da icen gida, daidai da kafaɗar mai ita. Inda ta tsage, an naɗe da ɗanyar fata, ta bushe ta ƙame kamar ƙarfe. Ga zoben tagulla, ga wuri da aka ɗinka, ga laya a ɗaure kusa da kunama, ga baƙin wuri inda tafin hannu ya shekara arba'in yana gogawa. Bindiga ɗaya tana iya ɗauke da aikin maƙerin Ingila, da na Bida, da dukawan Kano, da malamin da ya rubuta layar. Babu wata takarda a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna da za ta ba ka wannan.

Gyara ba mai da tsoho yaro ba ne

Masu wannan sana'a a duniya sun yi ittifaƙi a kan wasu ƙa'idoji, kuma duk sun dace da mu.

Ta farko, a ɗauka cewa a ɗure take. Maharbi yakan ajiye bindigarsa da ɗuri saboda ko-ta-kwana, ya rasu ba wanda ya sani. Albarushi kuwa, muddin bai jiƙe ba, yana shekaru aru-aru bai mutu ba. Masana sukan zura sandar ɗuri cikin bututun su sa alama, su fito da ita su gwada ta waje. Idan ba ta kai gindi ba, akwai abu a ciki. Daga nan aikin ya bar hannun magaji ya koma na ƙwararre. Kada a kusantar da ita ga wuta, kada a ja kunama don gwaji, kada a kai ta wurin mai walda.

Ta biyu, a san abokan gabarta. Albarushi haɗin gawayi ne da farar wuta da wani gishiri mai ciyar da wuta, kuma idan ya ƙone kusan rabinsa yakan zama ƙura da dauɗa, shi ya sa farin hayaƙin nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Dauɗar tana jan laima tana cin ƙarfe. Tsofaffin maharba sun san haka, shi ya sa suke wanke bututu da ruwan zafi bayan harbi, su busar, su shafa mai. A Abuja, inda damina ke kai wata shida zuwa bakwai, bindigar da aka jingine ba wanki tsatsa ce ke cinye ta daga ciki. Hunturu kuma ya zo ya tsaga icen, gara ta hau ta gindi inda ya taɓa ƙasa. Maganin mai sauƙi ne: a ɗaga ta daga ƙasa, a nisanta ta da bango mai danshi da rufin kwano mai zafi, kada a ƙunshe ta a leda.

Ta uku, a rage hannu. Babbar ɓarnar da ake yi wa tsohon ƙarfe ita ce a kama shi da samfefa ko injin gurza har ya yi ƙyalli, a bi shi da fenti. Tambarin ya tafi, tarihin ya bi shi. Jar tsatsa mai ci ita ake cirewa a hankali da mai da tsumma mai laushi. Duhun launin da shekaru suka ba ƙarfen, kariya ce, a bar shi. Gidajen tarihi suna rufe ƙarfe da siririn kakin da aka sarrafa don wannan aiki. Fatar da aka naɗa, da layar, da ɗinkin da ya karkace, duk a bar su inda suke. Wanda ya sauya ƙotar kakansa da sabuwa mai sheƙi, ya samu bindiga ya rasa gado.

Ta huɗu, kada a harba ta. Ƙarfen da ya haura shekara ɗari, ba a san abin da tsatsa ta yi masa a ciki ba. Maganin harsashin zamani kuwa ya fi albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba, yana tarwatsa irin wannan bututu a fuskar mai harbi. Dalilin da ya sa Turawa ke harba kwafi su ajiye na asali ke nan.

Ta biyar ita ce mafi gaggawa, ba ta kuma buƙatar ko sisi: a rubuta labarinta. Ta wane ne? A ina ya samo ta? Wane maƙeri ya gyara ta? Wace dabba aka kashe da ita, wane hari aka kora? A zauna da tsohuwar gidan a ce, "Iya, ba ni labarin bindigar Baba," a kunna waya a naɗa. Ƙarfe yana iya jira shekara goma. Iya ba lallai ta jira ba.

Inda doka ta tsaya

Kada wani ya karanta wannan babi ya ce zai yi odar libarbar Uberti ya rataya a falo. A Amurka dokar tarayya tana ɗaukar irinta a matsayin kayan da, amma Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku, kuma ta sa libarba da duk wata ƙaramar bindigar hannu, har mai ƙanƙara da mai hula, a rukunin farko na haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Rukuni na biyu na irin bindigar harbin tsuntsu ne, lasisinsa a hannun Sufeto Janar. Harba-ruga tana rukuni na uku, ita ma hukumar 'yan sanda ce ke da iko a kan lasisinta, kuma ƙira ko gyaranta sai da izini.

Wannan tsanani yana da hujja. Mutanen Dutse ba su manta farkon 2024 ba, lokacin da masu garkuwa da mutane suka addabi yankin Bwari, har suka shiga unguwar Sagwari suka kwashi mutane daga gidajensu. Wanda ya kwana cikin wannan fargaba yana da haƙƙin ya tsorata da duk wani abu mai bututu. Mun kuma ga ɗaya fuskar tsoron a ƙarshen Maris 2025 a Uromi ta Jihar Edo, inda aka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyar komawa Kano, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. Rashin rajista da rashin sani suna cin rai ta kowane ɓangare. Saboda haka adana tsohuwar bindiga ba zai yiwu a ɓoye ba. Sai a fili, da takarda, da sanin hukuma.

Hanyar tana nan, ba a dai share ta ba. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki aikin hannun da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi da ba a fita da su ƙasar waje sai da izini. Akwai Cibiyar Ƙasa ta Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai, da aka kafa a 2021, wadda ke tattara makamai tana lalatawa. Abin da ya kamata shi ne, kafin a jefa tarin bindigogin da aka ƙwace cikin wuta, masanin gidan tarihi ya duba su ya ware masu tarihi. Kuma magajin da ya zo da ta kakansa ta hannun mai unguwa ko hakimi a karɓe shi hannu bibbiyu, a cire ɗurin, a toshe ta yadda ba za ta ƙara tashi ba, a rubuta sunan gidansu a jikin katinta, a ajiye ta inda 'ya'yansa za su je su gani. Gidan Makama a Kano yana nuna kayan yaƙin da. Fadar Suleja da ta Bwari, da majalisar ƙaramar hukuma, ba su rasa ɗaki guda da za su yi irin wannan ba.

Ga maƙera kuma. Ƙasar Maroko tana da wasan Tbourida, inda mahaya ke sukuwa a jere su saki bindigogin albarushi lokaci guda. UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2021, kuma akwai maƙeran da ke ci da iyalinsu daga ƙera bindigogin wasan. Hawan Sallar Kano ya shiga wannan jerin a Disamba 2024. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ya san cewa kafin a hango lemar sarki, ƙarar bindigogin fada da hayaƙinsu ne ke sanar da fitowarsa. Waɗannan bindigogi suna buƙatar masu gyara. Maƙerin da aka yi wa rajista, aka san maƙerarsa, aka ba shi aikin fada da na gidan tarihi, ya fi sauƙin sa wa ido a kan wanda aka kora ya koma ƙira a daji. Italiya ta riƙe maƙeranta ta mai da su masana'anta. Mu ma muna da zuriyar da ta gaji wannan hannu, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Idan akwai irin wannan bindiga a gidanku, kada ka taɓa kunamarta, kada ka kai ta bola. Ka fara da tambayar tsofaffi, ka ɗauki hotonta, ka je wurin mai unguwa ku nemi hukuma tare. A babi na gaba za mu shiga maƙera kanta, mu zauna kusa da zugazugi, mu ga yadda ƙarfen tama ya riƙe noma da yaƙi a ƙasar Hausa tun kafin jirgin Bature ya iso gaɓa.